Sallar Baba Teoh

Akwai wani dattijo Basine a layinmu na bakin kogi a garin Kuala Terengganu, ƙasarmu ta Malay, ana ce masa Baba Teoh. Gyaran keke yake yi a wani ɗan shago da ke manne da gidansa.

Mutum ne da zai gaya maka ido da ido cewa shi bai yarda da kowane addini ba. Ba ya zuwa wurin bautar danginsa, ba ya kunna wa kowa turare, ba ya zuwa coci, balle masallaci. In ka matsa masa da wa'azi sai ya yi dariya ya ce, "Kawo kekenka in duba, ɗana. Shi na sani."

Amma fa jama'a, duk layinmu babu wanda ya kai tsohon nan ɗokin ƙaramar sallah.

Da goman ƙarshe ta azumi ta kama, shi ne farkon wanda zai jera fitilun gora a jikin dangarsa. Ketupat ɗin nan da muke saƙawa da ganyen kwakwa mu dafa shinkafa a ciki, hannunsa ya fi na matan layin iya saƙa shi. Kowace shekara sai ya ɗinka sabuwar riga da wando irin namu, ya ɗaura zane a ƙugu, ya kafa baƙar hula. In ka hango shi daga nesa sai ka rantse ladanin unguwa ne.

Surutu kuwa ya sha shi ta kowane ɓangare. Danginsa Sinawa suna cewa ya sayar da asalinsa, alhali su ne kan gaba a layin sayen abinci a kasuwar buɗa-baki. 'Yarsa da ta shiga coci ta taɓa ce masa, "Baba, wannan ai munafunci ne, bikin abin da ba ka yarda da shi ba." Ita ce kuma duk sabuwar shekarar Sinawa za ta kwaso 'ya'yanta su zo karɓar jar ambulan ta kyautar kuɗi, su ci su yi nak. Namu Musulmin ma ba a bar su a baya ba, wasu na cewa kwaɗayin nama ne ke kawo shi.

Shi dai ko a jikinsa.

Kun san yadda muke a ranar sallah: ƙofa a buɗe take. Maƙwabci, baƙo, mai addini da marar addini, kowa ya cire takalmi ya shigo ya ci, ba mai tambayar wa ya gayyace ka. To Baba Teoh gida ɗaya kawai yake shiga, gidan Inna Sapiah, wata gyatuma da mijinta ya daɗe da rasuwa, can ƙarshen layi.

Zai zo da gwangwanin cincin na abarba da ya toya da kansa. Kowa ya san tukwanen da yake aikin da su daban suke, don tun da ya tare a layin naman alade bai taɓa shiga gidansa ba. Inna Sapiah ba ta yarda kowa ya zuba masa abinci, ita da kanta take tashi. Zai zauna nesa da ita kaɗan, ya ci, ya ɗago ya dube ta.

"Kin rame bana."

"Kai ma tsufa ya cinye ka."

Shi ke nan hirar. Ya gama, ya wanke hannu, ya tafi, sai kuma wata sallar.

Inna Sapiah na da ɗa guda, Haji Rozlan. Ɗan kwangila ne, ya yi arziki a Kuala Lumpur, ya je Makka, ya dawo gida aka ba shi shugabancin kwamitin masallacinmu. Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ya sauke farali ya dawo da fuska a murtuke kamarsa ba. In ya yi maka sallama sai ka ji kamar tuhumarka yake yi. Komai ya gani haramun ne, in dai ba shi ke yi ba.

Tun dawowarsa zuwan Baba Teoh ke ci masa rai, amma idon uwarsa ya hana shi magana.

A azumin da nake ba ku labari, ciwon ƙoda ya kwantar da Inna Sapiah. Likitoci suka yi iya yinsu, suka ce a mayar da ita gida a riƙa lallaɓawa. Ba wanda ya faɗa da baki, amma duk layin mun san da wuya ta ga wata sallar bayan wannan.

Haji Rozlan ya ce bana zai yi buɗaɗɗen gida irin wanda ba a taɓa yi ba. Ya sa aka kafa rumfuna, ya gayyaci manyan mutane. Ana saura kwanaki kaɗan sallah, da la'asar, ya taka har shagon Baba Teoh. Ya same shi zaune yana saƙa ganyen kwakwa.

"A'a, Haji, yau kai ne a shagona? Ya jikin Inna?"

"Jikinta ba ruwanka da shi. Magana ɗaya ta kawo ni. Bana kada in ga ƙafarka a gidanmu."

Hannun tsohon ya tsaya cak a kan ganyen.

"Na yi wani laifi ne?"

"Baba Teoh, ka yi azumi?"

"Ban yi ba."

"Ka yi imani da wanda ya ce a yi azumin?"

"Ka san amsar, Haji. Ban taɓa ɓoye wa kowa ba."

"To sallar me kake yi? Sallah ta waɗanda suka sha ƙishirwa ce, ba wasan yara ba ce da za ka sa mana hula kana yi wa addininmu izgili. Kuma tsoho da kai, ka riƙa zuwa kana zama gaban matar da ba muharramarka ba? Ana magana a unguwa, ni kuma ina da mutuncin da nake karewa."

Baba Teoh ya ajiye ganyen. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Ba zan ci komai ba. Ba zan ma zauna ba. Ka bar ni in tsaya a bakin ƙofa in gaishe ta, in juya. Bana kawai, Haji. Na roƙe ka."

"Ko inuwarka kada ta faɗo cikin gidan. Kuma ka kwashe fitilun nan, ba naka ba ne."

Ya juya ya tafi. Masu shagunan kusa ne suka ba mu labarin.

Da labari ya kai kunnen Zaleha, matar Haji Rozlan, ta same shi a ɗaki.

"Baban yara, ba kai ne bara ka ɗinka jar riga ka je bikin sabuwar shekarar Sinawa gidan Attajiri Khoo ba? Ba kai ne a hoto riƙe da tsinken cin abinci, kuna watsa ganye sama kuna ihun neman sa'a ba?"

"Wannan harkar kasuwanci ce. Ke me kika sani?"

"Shi Khoo ɗin ka gayyace shi ranar sallah?"

"Na gayyace shi mana."

"Ya yi azumi?"

"Zaleha, ki kama bakinki."

Ta kama bakinta, kuma ba ta gaya wa Inna komai ba, don tsoron kada ciwon ya tashi.

Ranar sallah ta zo. Aka sauko daga idi, gida ya cika ya batse. Ƙamshin nama da madarar kwakwa ya cika layi. A babban tebur ƙarƙashin rumfa, ga liman, ga 'yan kwamitin masallaci, ga kuma Attajiri Khoo a kujerar tsakiya, Haji Rozlan da kansa yana ƙara masa miya yana washe baki.

A falo kuwa an zaunar da Inna Sapiah a keken guragu, an yi mata kwalliya da koren mayafi. Ana yin abin da muke yi kowace safiyar sallah: ƙarami ya durƙusa gaban babba, ya kama hannunsa ya kai goshi, ya nemi yafiyar abin da ya yi a fili da a ɓoye. Jikoki suka yi, Zaleha ta yi, 'yan uwa suka yi. Inna na sa musu albarka, amma idonta na kan ƙofa.

"Teoh bai zo ba?" ta tambaya.

Zaleha ta sunkuyar da kai.

A daidai lokacin tsohon yana bakin ƙofar gidan. Ya sa sabuwar riga ruwan ƙasa, hularsa a kai, gwangwaninsa a hannu. Bai shigo ba, tsayawa ya yi yana leƙen falo ta saman kawunan mutane.

Haji Rozlan na ganinsa ya ajiye cokali, ya nufo shi kamar zai tashi sama.

"Ban ce kada ka zo ba?"

"Ban shigo ba, Haji. Ga wannan, a miƙa mata. A ce mata na zo."

"Kai kunnen ƙashi gare ka, ko? Mutumin da bai san Allah ba, me ya haɗa shi da sallarmu?"

Ya kai hannu ya doke gwangwanin. Murfin ya yi nasa wuri, cincin ya watse a ƙasa har ƙarƙashin teburin manya. Wurin ya yi tsit, har wanda ya kai loma baki ya kasa taunawa.

Baba Teoh ya sunkuya da ƙyar, yana tsintar cincin ɗaya bayan ɗaya yana hure ƙasar.

Sai muka ji murya daga falo, muryar da muka ɗauka ciwo ya riga ya cinye.

"Zaleha, tura ni waje."

"Inna, jikinki..."

"Na ce ki tura ni!"

Mutane suka dare. Zaleha ta turo keken ta baranda har tsakar gida, ta tsaya gaban tsohon. Kafin kowa ya ankara, Inna Sapiah ta dafa hannun kujerar ta zame ƙasa. Matar da ba ta iya tsayuwa, sai ga ta a durƙushe kan gwiwoyinta a cikin ƙasa da ɓarɓashin cincin.

Ta kamo hannun Baba Teoh da hannuwanta biyu, ta kai goshinta, ta fashe da kuka.

"Yaya, ka yafe mini. Na fili da na ɓoye, ka yafe mini, Yaya."

Jama'a, mutuwar tsaye muka yi. Liman ya miƙe bai san ya miƙe ba. Wata tsohuwa kusa da ni sai salati take yi.

Haji Rozlan ya daka tsawa. "Inna! Me kike yi haka? Sake masa hannu! Ba muharraminki ba ne!"

Ta ɗago ta dube shi, hawaye na bin kumatunta.

"Duk taron nan, in ka cire kai, babu wanda ya kai shi zama muharramina. Ciki ɗaya muka fito, Rozlan. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Wannan da ka zubar wa abinci a ƙasa kawunka ne."

Na ga mutane sun firgita a rayuwata, amma ban taɓa ganin fuska ta canza kamar ta Haji Rozlan ba.

"Inna, ciwo ne... ba ki san abin da kike faɗa ba."

"Yau na fi kowace rana sanin abin da nake faɗa. Kaka da kake kai wa ziyara maƙabarta ba ita ta haife ni ba, riƙona ta yi. Sai da ta zo gargara ta gaya mini. Ka taɓa tsayawa ka dubi idona da naka, ka gwada su da nasa? Yaya, gaya masa."

Baba Teoh ya girgiza kai. "Sapiah, mun yi alkawari."

"Ni na ɗora maka alkawarin, ni na sauke. Gaya masa."

Tsohon ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ita. Da ya fara magana ba ya kallon kowa.

"A shekarar damisa aka haife ta. A lissafin mutanenmu na da, 'ya mace da ta zo a shekarar damisa cinye gida take yi. Kakarmu ta je ta kunna turare, ta tambayi mai duba, ya ce a fitar da jaririyar kafin ta kashe ubanta. Lokacin abin ba baƙo ba ne, gidaje da yawa sun yi. Aka samu wasu Malay Musulmi marasa haihuwa, aka ce za a ba su.

"Ina ƙarami, amma ina da wayo. Ni na ɗauki ƙullin kayanta ina bin bayan uwarmu har bakin jirgin ruwa. Uwarmu ta miƙa ta, muka juyo. Ba ta sake dariya ba har ta mutu. Ubanmu da aka ce za a ceta, bai shekara ba ruwa ya ci shi.

"Tun daga ranar ban sake kunna wa kowa turare ba. Ka tambaye ni ko na yi imani, Haji. Wannan ce amsar da ban ba ka ba."

Ba ka jin komai a gidan sai shessheƙar mata.

Inna Sapiah ta karɓe. "Ya yi shekaru yana nemana gari gari. Da ya gano ni, ya sayar da abin da ya mallaka ya sayi shagon can. Ka san me na yi masa? Na ce ya rufa mini asiri. Dangin ubanka masu tinƙaho da asali ne, na ji tsoron bakinsu. Da ubanka ya rasu kuma sai na ji tsoron naka bakin. Na ji kunyar jinina, Rozlan. Ina sallah, ina azumi, ina karatun Alƙur'ani, ga ɗan uwana a ƙarshen layi na hana shi kirana ƙanwa.

"Rana ɗaya ce a shekara da zai iya shigowa gidan nan ba wanda ya ce me ya kawo shi. Rana ɗaya da zan zuba wa yayana abinci da hannuna. Ita ce kake so ka ƙwace mana, a sallata ta ƙarshe?"

Ta juya ta nuna babban tebur.

"Wancan bawan Allah da ka zaunar a tsakiya, ban ƙi shi ba, baƙo ne, ya ci lafiya. Amma gaya mini, shi azumi nawa ya yi? Ko wanda ke ba ka kwangila ba a tambayarsa imani, sai mai gyaran keke?"

Attajiri Khoo ya ajiye cokalinsa a hankali. Ya taso daga kujerar tsakiya, ya durƙusa da tsadadden wandonsa, ya shiga tsintar cincin yana zubawa a gwangwani. Liman ma ya sunkuya ya ɗauko murfin.

Haji Rozlan ya duba dama, ya duba hagu. 'Yan kwamitinsa duk sun kawar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya shige. Ya zube gaban tsohon da ya kora, ya kama hannun nan mai baƙin man keke ya kai goshi. Babban mutum, yana kuka kamar yaro.

"Kawu... Kawu, ka yafe mini."

Baba Teoh ya dafa kansa. "Tashi, ɗana. Ɗaga uwarka, ƙasa da sanyi."

Ranar, a karon farko, ba nesa da ita ya zauna ba. Kusa da kekenta aka shimfiɗa masa tabarma, kwano ɗaya suka ci. Ta ce a ba ta cincin ɗin da aka tsinto, likita ya hana ta zaƙi amma ba wanda ya iya hana ta.

Inna Sapiah ba ta kai babbar sallah ba. Amma kwanakin da suka rage mata, kullum yayanta na gefen gadonta, ƙofa a buɗe, ba ɓoye-ɓoye.

Da azumi ya zagayo, goman ƙarshe ta kama, sai muka ga dangar Baba Teoh babu fitila ko ɗaya. Babu saƙar ganye, babu ɗinki. Safiyar sallah bayan an sauko idi, Haji Rozlan ya je ya same shi zaune a shago da tsohuwar singileti.

"Kawu, ba ka shirya ba? Yau fa sallah."

Tsohon ya yi ɗan murmushi. "Ai gaskiya ka faɗa tun farko, Rozlan. Ni ban taɓa yin sallah ba. Ƙanwata nake zuwa gani."

Haji Rozlan ya juya baya ya goge ido. Sannan ya miƙa masa leda, sabuwar riga ce a ciki, ruwan ƙasa.

"To tashi mu je ka gan ta. Daga nan mu wuce gida, jikokinka na jiran hannunka."

Duk wanda ya je maƙabartarmu ziyarar safiyar sallah a shekarar ya gan su. Haji Rozlan na zaune a wajen kai yana karanta Yasin. Baba Teoh, wanda har yau bai ce ya yarda da komai ba, yana durƙushe a wajen ƙafa yana cire ciyawa da hannu, yana share kabarin ƙanwarsa. Bai hana Rozlan karatu ba, Rozlan kuma bai ce masa ya tashi ba.

Darasi: Ba ka san abin da ya kawo mutum ƙofarka ba, don haka kada ka yi saurin auna shi da ma'aunin da ba ka auna kanka da shi. Riƙe addininka da kyau, ba wanda ya ce ka bauta wa abin da wani ke bauta wa. Amma addinin da ke yi wa mai kuɗi murmushi ya kuma haɗe wa talaka rai, wannan ba tsoron Allah ba ne, son zuciya ne aka sa masa hula. Kyautata wa maƙwabci da sada zumunci ba su da sharaɗin sai mutum ya yi imani irin naka. In kana da wani da kake jin kunyar nunawa, ko wani da ka rufe wa ƙofa, je ka buɗe tun yana raye. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila ya isa kunnen wanda ke shirin korar nasa bai sani ba.